Amfilifayar Jitar Bes da Akwatunan Lasifika: Ƙa'idojin Haɗi da Zaɓen Kaya Marasa Nauyi

Amfilifayar bes na'ura ce da ke karɓar ƙaramar siginar lantarki daga jitar bes, ta ƙara mata ƙarfi, sannan ta miƙa ta ga lasifika domin ta zama sautin da jama'a za su ji. Akwatin lasifika kuwa shi ne gidan katako da ake dasa lasifika ɗaya ko fiye a cikinsa. Wani lokaci ana ƙera su biyun a jiki ɗaya, abin da makaɗa ke kira kombo. Wani lokaci amfilifayar tana zaman kanta, ana ce mata kai, a ɗora ta bisa akwati ɗaya ko biyu a sada su da waya.

Kayan bes sun daɗe da yin suna wajen nauyi, kuma akwai dalili. Tsirkiya mafi kauri a jitar bes mai tsirkiya huɗu tana girgiza kusan sau 41 a daƙiƙa, a mai tsirkiya biyar kuma kusan sau 31. Sauti mai zurfi irin wannan ba ya fitowa sai an tunkuɗa iska mai yawa, tunkuɗa iska kuma tana bukatar wuta mai ƙarfi, manyan lasifikoki da akwati mai faɗi. Fasahar zamani ta rage nauyin kayan ƙwarai, amma ƙa'idojin lantarki da na sauti suna nan yadda suke, kuma akasarin asarar da makaɗa ke yi daga rashin kiyaye su take tasowa.

Tarihi a taƙaice

A 1951 kamfanin Leo Fender na jihar Kalifoniya a Amurka ya fitar da jitar Precision Bass, wadda ita ce jitar bes ta lantarki ta farko da ta karɓu a kasuwa. A 1952 ya biyo ta da amfilifayar Bassman mai lasifika ɗaya ta inci 15, daga baya ya mayar da ita mai lasifika huɗu na inci 10. A 1960 kamfanin Ampeg ya fito da B-15, ƙirar Jess Oliver, wadda ake kifa kanta cikin akwatin idan za a yi tafiya, ta kuma zama abin yayi a ɗakunan naɗar waƙa.

Da taruka suka girma, makaɗa suka koma filayen wasa, sai aka shiga gasar ƙarfi. A 1969 Ampeg ya ƙaddamar da SVT mai wat 300, ƙungiyar Rolling Stones ta yi rangadin Amurka da ita a wannan shekarar. Kanta kaɗai ya kusa kilo 40, akwatinta mai lasifika takwas na inci 10 ya haura kilo 60. Har yau da yawa daga makaɗa da sautinta suke auna kowace amfilifaya, amma ba kowa ke da ma'aikatan da za su ɗaukar masa kaya sama da kilo 100 ba. Zuwan taransista ya sauƙaƙa kai, kamar yadda aka gani a 800RB ta Gallien-Krueger a farkon shekarun 1980. Babban sauyi kuwa sai bayan shekarar 2000 ya zo.

Turjiya da lissafin haɗi

Kowane akwati yana da turjiya, wato gwargwadon yadda yake hana wuta kwarara, ana kuma auna ta da om, ma'aunin da ke ɗauke da sunan masanin Jamus Georg Ohm wanda ya bayyana ƙa'idar a 1827. Akasarin akwatunan bes om 8 ne ko om 4. Kowace amfilifaya kuma tana da mafi ƙarancin turjiyar da za ta iya ɗauka, galibi om 4, wasu ƙalilan om 2.67 ko om 2. Wannan adadi a rubuce yake a bayanta, kusa da inda ake soka wayar lasifika, kuma shi ne abu na farko da ya kamata a karanta kafin a haɗa komai.

Hanyoyin haɗi biyu ne. Na farko haɗin gefe da gefe, wanda masu gyara ke kira faralel, inda kowane akwati yake samun hanyarsa ta kansa zuwa amfilifaya. A nan turjiya raguwa take yi, kamar tankin ruwa ne da aka ƙara wa famfo na biyu: ruwan zai fi saurin fita, kuma tankin ne zai ji a jikinsa. Idan akwatunan turjiyarsu ɗaya, sai a raba ta da yawansu. Biyu masu om 8 suna ba da om 4, biyu masu om 4 suna ba da om 2, uku masu om 8 suna ba da om 2.67. Idan sun bambanta, sai a ninka lambobin biyu da juna, a raba sakamakon da jimillarsu. Mai om 8 da mai om 4 suna ba da 32 a raba da 12, wato om 2.67. Akwatin SVT misali ne na wannan lissafi a cikin gida: lasifikokinsa takwas kowace om 32 ce, an haɗa su gefe da gefe, suka ba da om 4.

Na biyu haɗin bi da bi, ko siris, inda wuta ke ratsa lasifika ta farko kafin ta isa ta biyu. A nan tara lambobin ake yi: om 4 da om 4 su zama om 8. Ana yawan amfani da shi a cikin akwati, amma tsakanin akwati da akwati ba ya yiwuwa sai da waya ta musamman.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. A bayan akwati akan ga faifan ƙarfe mai ramuka biyu, da 'yar takarda da aka rubuta om da wat a kanta. Makaɗi yakan soka wayar amfilifaya a rami ɗaya, ya ja wata wayar daga rami na biyu zuwa akwati na gaba. Ido yana ganin kamar bi da bi ne, alhali a kusan dukan akwatunan kasuwa ramukan biyu gefe da gefe aka haɗa su. Haka ma ramuka biyun da ke bayan kai. Saboda haka ko daga kai aka ja wayoyi biyu, ko daga akwati zuwa akwati aka bi, lissafin ɗaya ne.

Idan turjiya ta faɗi ƙasa da abin da amfilifaya ke iya ɗauka, wutar da ake ja daga gare ta tana wuce kima. Amfilifaya mai ba da wat 500 a om 4 tana fitar da kusan amfiya 11, wato ma'aunin yawan wutar da ke kwarara. A om 2, idan volt bai canza ba, ana neman ninki biyu daga gare ta. Mai ingantacciyar kariya za ta yi zafi ta ɗauke ana tsakar wasa, marar kariya kuma taransistocinta su ƙone.

Rabon wuta ma yana bin turjiya. Idan aka haɗa mai om 8 da mai om 4, mai om 4 yana ɗaukar kashi biyu cikin uku na ƙarfin. In ƙaramin akwati ne mai om 4, shi zai sha wahala yayin da babban yake hutawa. Ko turjiya ɗaya ce, akwati mai lasifika ɗaya da mai lasifika huɗu rabon daidai za su yi, sai lasifika ɗayan ta ɗauki abin da huɗu suka raba a tsakaninsu. Shi ya sa akwatuna biyu iri ɗaya suka fi aminci.

Idan takardar bayan akwati ta goge, ana iya gwadawa da mitar masu gyaran lantarki. Mita ba ta nuna cikakkiyar turjiyar, takan nuna ƙasa da ita kaɗan: akwatin om 8 yakan nuna tsakanin 5 da 7, na om 4 kuma wajen 3.

Mai bawul da mai taransista

Ƙa'idar ba ɗaya ba ce ga dukan amfilifayoyi. Mai taransista tana jure turjiyar da ta fi mafi ƙarancinta, sai dai ƙarfinta ya ragu. Wadda ke ba da wat 500 a om 4 takan ba da kusan 300 a om 8. Galibinsu kuma ba abin da ke samunsu idan aka kunna su babu akwati.

Mai bawul, wato mai kwalaben gilashi da ke ɗaukar zafi, tana da taransifoma tsakaninta da lasifika, da ramuka ko makunni na zaɓen om. Wajibi ne a dace da turjiyar akwatin da abin da aka zaɓa. Mafi haɗari shi ne a kaɗa jita ta cikinta babu akwati a haɗe, domin ƙarfin da ya rasa inda zai je yana komawa cikin taransifomar ya huda rufin wayoyinta, ita ce kuma ɗaya daga cikin sassa mafi tsada a na'urar. Akwai amfilifayoyi masu bawul ɗaya ƙarami a sashen gyaran sauti amma sashen ƙarfinsu taransista ne. Waɗannan ƙa'idar taransista suke bi.

Waya da fulogi

Wayar jita da wayar lasifika sukan zo da fulogi iri ɗaya mai kaurin milimita 6.35, wanda ya samo asali daga allunan haɗa tarho na ƙarni na 19. A waje kamarsu ɗaya, a ciki ba su haɗa komai ba. Idan aka fere wayar jita, za a ga siririn zare na jan ƙarfe a tsakiya, an lulluɓe shi da saƙaƙƙiyar raga mai tare hayaniyar lantarki. An yi ta ne don sigina marar ƙarfi. Wayar lasifika kuwa jijiyoyi biyu ne masu kauri daidai da juna, babu raga. In aka tura amfiya goma ta cikin wayar jita, zaren tsakiya yana ɗumi, robar na iya narkewa, jijiyoyin su haɗu, amfilifaya ta tafi. Kaurin da ya dace shi ne murabba'in milimita 1.5 zuwa 2.5, kuma gajeruwar waya ta fi doguwa.

A 1987 kamfanin Neutrik na ƙasar Liechtenstein ya fito da fulogin Speakon, wanda ake sokawa a murɗa ya kulle. Ba ya zamewa don girgiza, yana ɗaukar wuta mai yawa, hannu ba ya taɓa ƙarfensa, kuma jijiyoyinsa ba sa haɗuwa yayin sokawa ko zarewa. Wannan yana da muhimmanci ga sababbin amfilifayoyi, domin da yawansu jijiyoyinsu biyu duka suna ɗauke da wuta, kuma idan ɗaya ta taɓi jikin ƙarfen wata na'ura za a samu matsala. Kowane irin fulogi ne, a kashe amfilifaya kafin a soka ko a zare.

Akwai kuma batun alkiblar motsi. Dole takardun lasifikokin, wato faya-fayen gabansu masu tunkuɗa iska, duka su riƙa fitowa tare su koma tare. Idan an juya jijiyoyin waya ɗaya, wannan akwati yana tura iska yayin da wancan yake janta, sai zurfin sautin ya ɓace, akwati biyu su kasa yin abin da ɗaya yake yi. Gwajin mai sauƙi ne. A zare wayar daga amfilifaya, a taɓa bakinta da ƙaramin batir na ɗan lokaci, ɓangaren tarawa (+) na batir a kan jijiyar tarawa. Za a ji ɗan ƙara, a ga takardar ta yunƙuro waje. Akwatin da tasa ta shige ciki, an juya masa waya.

Yadda nauyi ya ragu

Abubuwa huɗu ne suka sauke nauyin. Na farko sashen wuta. Tsohuwar amfilifaya tana da katafariyar taransifoma ta ƙarfe da jan ƙarfe, domin wutar gida sau 50 ko 60 kacal take juyawa a daƙiƙa. Sabon tsari yana mayar da juyawar dubban goma a daƙiƙa, sai taransifoma da ba ta kai cikin tafin hannu ba ta wadatar.

Na biyu sashen ƙarfi da ake kira aji D. A tsohon tsari na aji AB, wani babban kaso na wutar zafi yake zama, don haka sai an sa manyan ƙarafan sanyaya. A aji D taransistocin kunnawa da kashewa kawai suke yi, sau dubban ɗaruruwa a daƙiƙa, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na wutar tana isa lasifika. Kamfanin Markbass na Italiya, wanda Marco De Virgiliis ya kafa a 2001, yana cikin waɗanda suka yayata ƙananan kawuna, da jerin Little Mark mai wat 500 da nauyin kusan kilo 3. Trace Elliot Elf mai wat 200 bai kai kilo ɗaya ba.

Na uku maganaɗisu. Tsohuwar lasifika tana ɗauke da baƙin maganaɗisu na ferait mai nauyin kilo da yawa. A farkon shekarun 1980 masu bincike a General Motors na Amurka da Sumitomo na Japan, kowanne a nasa ɓangaren, suka samar da maganaɗisun neodimiyam, wanda ƙaramin gutsurensa yake yin aikin babban ferait. Akwati mai lasifika huɗu na inci 10 da a da yakan kai kilo 40, yanzu ana samunsa a wajen rabin haka. Ƙasar Sin ce ke samar da mafi yawan wannan ma'adini, kuma a 2011 farashinsa ya yi tashin gwauron zabo bayan ta taƙaita fitar da shi, abin da ya taɓa farashin akwatunan.

Na huɗu katako. Maimakon kakkauran filawud ko allon matsattsen garin katako, masu ƙira sun koma siririn filawud na itace marar nauyi, suna ƙarfafa shi da sanduna daga ciki. Abin da ake so shi ne kada bango ya girgiza, domin bangon da ke rawa yana cinye sautin da ya kamata ya fita.

Abin da bai canza ba

Yawan sautin bes ya dogara ne da yawan iskar da aka motsa, wato faɗin takardar lasifika da nisan da take iya kai da komowa. Lasifikar inci 10 faɗinta kusan murabba'in santimita 340 ne, ta inci 12 wajen 530, ta inci 15 kuma wajen 850. Injiniyan Amurka Josef Anton Hofmann ya bar ƙa'idar da ake dangantawa da sunansa: ƙanƙantar akwati, zurfin sauti da yawan ƙara da wuta kaɗan, biyu kawai ake samu cikin ukun. Ƙaramin akwati mai zurfin sauti dole ya ci wuta da yawa. Binciken Neville Thiele a 1961 da na Richard Small a farkon shekarun 1970, duka a Ostareliya, shi ya ba masu ƙira lissafin daidaita lasifika da girman akwati da ramin iskarsa.

Wat ma yana yaudara. Ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa a ma'aunin ƙarar sauti, kunne kuma ba ya jin ƙara ta ninka sai an kai wajen desibel 10, wato ƙarfi ninki goma. Sauya akwatin om 8 da irinsa na om 4 don a tatso duk ƙarfin kai ba ya kawo bambancin kirki, kuma yana rufe ƙofar ƙara akwati na biyu. Ƙara akwati na biyu iri ɗaya kuwa yana iya kawo har desibel 6 a sauti mai zurfi, saboda faɗin takarda ya ninka, amfilifaya ma ta ƙara sakin ƙarfi.

Lambar wat da ke bayan akwati tana nuna zafin da koyil ɗin lasifika zai jure ne. A sauti mai zurfi takarda kan kai iyakar motsinta tun kafin a kai wannan lamba. Idan sauti ya fara ɓurma ko ana jin bugu daga ciki, a rage ƙara ko a rage zurfi nan take. Wasu amfilifayoyi suna da matatar da ke yanke girgizar da ke ƙasa da abin da akwati zai iya fitarwa, kuma tana tsawaita ran lasifika sosai.

Zaɓen kaya

Tsarin da ya fi karɓuwa shi ne ƙaramin kai mai ɗaukar om 4 tare da akwatuna biyu iri ɗaya masu om 8, kowanne mai lasifika ɗaya ta inci 12 ko biyu na inci 10. Ɗaya ya isa atisaye da ƙaramin ɗaki, biyu su yi babban taro. Idan aka ɗora su a tsaye, na sama yana kusantar kunnen makaɗi, ya ji kansa ba tare da ya cika wa sauran ƙara ba. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta sanya kilo 23 a matsayin iyakar abin da ya kamata mutum ya ɗaga a yanayi mafi dacewa, kuma wannan ma'auni ne mai kyau ga kowane yanki na kaya. Lafiyar baya ba abin wasa ba ce ga mai ɗaukar kayansa da kansa shekara da shekaru.

Nauyi ba shi kaɗai ne abin dubawa ba. Faɗin akwati, wurin da aka sa hannayensa, da ko zai shiga bayan mota, duk suna da tasiri. Inda ake da manyan lasifikokin taro, ana jan sigina kai tsaye daga kai zuwa miksa, akwatin makaɗi ya zama nasa ne shi da abokan kiɗansa a kan dandamali, don haka ba ya bukatar girma. Ƙaramin kai kuma yakan yi tafiya da kansa idan akwati na girgiza, har waya ta jawo shi ƙasa, saboda haka ana ɗaure shi ko a sa masa shimfiɗar roba.

Wuta, zafi da gyara

Wutar gida a Najeriya da Nijar tana tsakanin volt 220 da 230, ta Amurka kuwa 120. Kayan gwanjo da aka shigo da su daga can sai an duba bayansu. Wasu suna da makunnin sauya wuta, wasu suna daidaita kansu, wasu kuma ba sa aiki sai da taransifomar rage wuta, kuma soka su kai tsaye yana kashe su a take. Janaretan da wutarsa ke hawa da sauka yana cutar da sashen wuta na zamani, don haka a jira ya daidaita kafin a kunna amfilifaya, a kuma kashe ta kafin a kashe shi.

Ƙananan kawuna da fanka suke numfashi, ƙurar hunturu kuma tana toshe ramukan iskarsu. Ana bukatar busa su a kai a kai, a kuma guji rufe su da mayafi ana cikin aiki. Maganaɗisun neodimiyam ya fi ferait saurin rasa ƙarfi idan zafi ya yi tsanani, saboda haka barin akwati a rana ana kuma matsa masa ƙara ba shi da kyau. Ta fuskar gyara, tsohuwar amfilifaya mai manyan sassa ƙwararren mai gyaran rediyo yana iya bin ta ɗaya bayan ɗaya, sabuwa kuwa sau da yawa sai an sauya allon gaba ɗaya. Wanda ke nesa da wakilin kamfani ya kamata ya tambayi samuwar wannan allo da farashinsa kafin ya biya kuɗin kai.